Bargon Ƙyallaye Na Zumunta

Ga hunturu ya kama, ƙafafu sun fara faso, yara kuma suna tari da asuba. Yanzu ne kowace uwa take neman abin rufa, ta ciro tsohon luru ko gwado daga cikin akwati ta duba ko zai ƙara kai wata shekara. Saboda haka a wannan mako ina so mu yi magana a kan wani irin bargo wanda mata ke haɗuwa su ɗinka da ragowar ƙyallaye. Turawa suna kiransa kwilt, ni kuwa bargon ƙyallaye nake ce masa a aji.

Shi wannan bargo hawa uku ne. A bisa akwai ƙyallaye iri iri da aka harhaɗa suka zama fuska guda, a tsakiya akwai auduga ko tsohon bargo, a ƙarƙashi kuma akwai shafi. Sa'an nan a bi da allura da zare a ratsa su duka uku, layi layi, don kada na tsakiya ya dunƙule. Kada ku ga kamar baƙon abu ne. Duk wadda ta taɓa kallon hawan salla ta ga 'yan lifida, to, lifidin nan da ke jikinsu da jikin dawakinsu haka ake yinsa, a cusa auduga tsakanin yadi biyu a ɗinke. A zamanin yaƙi kibiya yake tarewa. Abin da ya tare kibiya kuwa ba zai kasa tare sanyin Janairu ba.

Kafin in gaya muku yadda ake ɗinkin, bari in ba ku labarin waɗansu mata baƙar fata da suka yi suna da shi a ƙasar Amurka. Ƙauyensu yana Jihar Alabama, ana ce masa Gee's Bend, a wani wuri inda kogin Alabama ya lanƙwasa ya kewaye su ta gefe uku. A shekarar 1816 wani Bature, Joseph Gee, ya kafa gonar auduga a wurin da bayinsa. A 1845 gonar ta koma hannun wani mai suna Mark Pettway, shi ya sa har yau da yawa daga jikokin bayin nan Pettway suke amsawa. Bayan an hana bauta suka zauna nan suna noma a gonar da ba tasu ba, cikin talauci mai tsanani. Ɗakunansu na katako ne, iska tana shiga ta kowace kafa, har sukan manna tsofaffin jaridu a bango don su toshe ta. Ba su da kuɗin bargo. Sai matan suka riƙa tara tsofaffin wandunan gona na mazansu, da yagaggun riguna, da buhunan gari, suna yankawa suna haɗawa.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne yadda suke raba aikin. Kowace mace takan haɗa fuskar bargonta ita kaɗai a ɗakinta, yadda ranta yake so. Amma ratsa hawa ukun nan aiki ne mai cin lokaci, saboda haka in an gama tsinkar auduga sanyi ya shigo, sai su taru a gidan ɗaya, su shimfiɗa bargon a kan katako su zauna kewaye da shi, suna ɗinki suna waƙoƙin addininsu. In sun gama nata su koma gidan wata. Gayya ke nan sak, irin wadda mazanmu ke yi a gona.

Akwai ɗaya daga cikinsu, Missouri Pettway, wadda mijinta ya rasu bayan doguwar jinya. A 1942 ta tattara kayan da yake sawa zuwa gona ta yanka ta yi bargo da su, don ta riƙa rufa da shi tana tunawa da shi. Bargon yana nan har yanzu, ana ganin inda gwiwar wando ta koɗe. A 1966 matan wannan yanki suka kafa ƙungiyar gama kai suna sayar da ɗinkinsu. A 2002 aka baje bargunansu a babban gidan nuna zane-zane na birnin Houston, daga nan aka kai New York, mutane suka yi ta mamaki. A 2006 har gidan waya na Amurka ya buga hotunan barguna goma daga cikinsu a kan sarki. Ku duba fa, tsumman da aka haɗa don kada yaro ya kwana cikin ɗari!

A can Amurka ɗin kuma akwai wata al'ada da ta bazu tun wajen 1840. In wata za ta yi aure, ko za su ƙaura zuwa nesa, sai ƙawayenta kowace ta ɗinka yanki guda ta sa sunanta a kai, a haɗa a ba ta. Wannan ita ce nake so mu ara a bana.

To, ga yadda za ku yi. Ku nemi junanku ku takwas, ko maƙwabta ko 'yan aji ɗaya. Kowace ta zazzage jakar ƙyallenta, wadda ba ta da shi ta aika wurin tela, don ragowar atamfa ba ta yankewa a ƙarƙashin kekensa. Ku zaɓi na auduga zalla, masu kauri ɗaya. Kada ku haɗa mai santsi da mai kauri, don ɗaya zai ja ɗaya ɗinkin ya tattare. Ku wanke su tun kafin ku yanka, musamman ja da shuɗi, domin in rini zai zuba gara ya zuba yanzu, in kuma yadin zai shige ya shige. Ku shanya, ku goge.

Sai ku yanka kwali mai kusurwa huɗu, inci 7 kowane gefe, ya zama ma'auni. Kwali ɗaya tak za ku yi amfani da shi ku duka, ko kuwa a yanka sauran a kansa. Wannan shi ne wurin da aiki ya fi lalacewa: wannan ta auna da tsinke, waccan ta auna da yatsa, ranar haɗawa a ga ba su hau juna ba, a fara kallon-kallo. Ku ɗora kwalin a bayan ƙyalle, ku zana da fensir, ku yanka. In kun bar rabin inci na ɗinki a kowane gefe, kowane yanki zai tsaya inci 6. Kowace mace ta haɗa yanki 6 a jere. Jeri 8 ke nan, yanki 48, watau bargo mai faɗin inci 36 da tsawon inci 48, ya ishi yaro ko mai jego ta lulluɓe jariri. In na babba kuke so, sai yanki 10 a jeri 13, zai ba ku inci 60 da 78.

Ran da kowa ta kawo jerinta, ku haɗa su, ku goge bakin ɗinkin ya kwanta gefe ɗaya. Ku shimfiɗa shafin a kan tabarma, akoko ko tsohon zane mai ƙarfi, ku ɗora na tsakiya, ku ɗora fuskar. Ni na fi son tsohon bargo da ya yi laushi a tsakiya, don audugar rimi tana da ɗumi amma ba ta son wanki. Ku fara kama su da dogon ɗinki na wucin gadi, sa'an nan ku soma ainihin ɗinkin daga tsakiya kuna fitowa baki, kada tazarar layi da layi ta wuce faɗin tafin hannu. Daga ƙarshe ku naɗo shafin ya rufe bakin, ku yi kalmasa. Kowace ta ɗinka sunanta da zare mai launi a kan yanki guda na jerinta. Wadda ba ta iya rubutu ba, 'yarta ko ƙanwarta 'yar makaranta ta zana mata da fensir ita kuma ta bi da allura. Waɗanda ba su fita, ai yarinya tana iya kai musu kwali da ƙyalle ta karɓo jeri.

Ina roƙonku abu guda. In jerin wata ya zo ɗinkinsa bai kai naku kyau ba, muddin zai riƙe, kada wadda ta fi iyawa ta warware shi a ɓoye ta sake. Mai shi za ta gane hannunta, in ta duba ba ta gan shi ba kuwa ba za ta ƙara zuwa ba. A makarantar horon malamai an koya mana ɗinki ya miƙe kamar an ja da igiya, ba na musun amfaninsa, amma bargunan Gee's Bend da duniya ke yabo yawancinsu layinsu a karkace yake.

Wa za a ba? Ku zauna ku tuna wadda ta tsaya muku a cikin shekaran nan ba ku sami abin saka mata ba. Akwai tsohuwar da ke zuwa wankan jego gida gida, akwai maƙwabciyar da ta riƙe miki yara mako biyu kina jinya a asibiti, akwai malamar da za a canja wa gari, akwai ƙawar da za a kai ɗakin miji a wata ƙasa. Irin waɗannan in kin ba su kuɗi sai su ji kunya, wata ma ta ji haushi ta ce ba don haka ta yi ba. Amma bargo mai ɗauke da sunayen mata takwas ba ta da hanyar mayar da shi.

Na san wata za ta ce kyautar tsumma ai raini ce, mutane za su ce mun rasa kuɗin sabon bargo. Lalle in kun kai shi da datti da zare na reto, sun yi gaskiya. Amma in an wanke an goge an ninke, wadda aka ba za ta duba ta ce wannan atamfar bikin wance ce, wannan kuma rigar sallar ɗan wance ce, ta ƙirga kwanakin da kuka zauna dominta. Ku tafi ku duka ku kai mata, kada ku aiki yaro, kuma ku faɗa mata da baki abin da ta yi muku wanda ya sa kuka zo.

Ku gaya mata kuma in za ta wanke shi kada ta ba a buga, ta jiƙa shi cikin ruwan sabulu ta matse a hankali, ta shanya a inuwa a kan igiya biyu don kada nauyin ruwa ya ja ɗinkin. Waɗanda suka gwada su rubuto mini su gaya mini su nawa ne, da wadda suka ba. Allah ya kai mu sabuwar shekara lafiya. Sai mako mai zuwa.