Talotalon dajin Amurka da darasin dukiyar al'umma

A makarantar horar da malamai inda nake koyarwa, duk shekara idan muka kai darasin dukiyar al'umma sai an samu ɗalibin da zai ce: "Malam, ai abin gwamnati ba shi da mai shi." Bana na ba su amsa da labarin farautar talotalon daji a Amurka, kuma ina so ƴan uwana malamai da iyaye su ji shi.

A yawancin jihohin Amurka ana buɗe wannan farauta ne a watannin Afrilu da Mayu, bayan sanyi ya wuce, lokacin da namijin talotalo ke kuka yana neman mace. Maharbi kan shiga daji kafin asuba, ya zauna gindin itace, ya riƙa kwaikwayon kukan macen da wani ɗan akwatin katako da ake gogawa, har namijin ya biyo sautin. A wannan lokaci doka ta yarda a harbi mai gemu ne kawai, wato mai tukkun gashin da ke saukowa daga ƙirji, domin a bar mata su kwanta kan ƙwai.

Gardamar maharban can ita ce: filin hukuma ko filin mai shi? Gwamnatin tarayya tana riƙe da kimanin kashi 28 cikin 100 na ƙasar, wajen hekta miliyan 260, wato ninki biyu na faɗin Nijar. Sai dai mafi yawansa a yammacin ƙasar yake. A jihar Teksas kuwa, kusan kashi 95 cikin 100 na fili na mutane ne, mai son farauta sai ya biya hayar daji ko ya nemi alfarma.

Ba na musun amfanin filin mai shi. Maharba kaɗan ne ke shiga, tsuntsayen ba su firgita ba, kuma mai gona da ke samun kuɗin haya yana da dalilin kula da itatuwa da ciyawa. A filin hukuma kuwa, mutum zai iya isa da duku-duku ya tarar motoci sun riga shi, talotalon ma ya sha jin kiran ƙarya har ya daina amsawa. Doka ma takan bambanta su: a jihar Misuri, tun 2024 mai farauta a filin mai shi yana iya kai wa faɗuwar rana, na filin hukuma kuwa ƙarfe ɗaya na rana yake tsayawa.

Duk da haka ni ina bayan filin hukuma, kuma dalilina tarihin tsuntsun ne. A farkon ƙarni na 20 saran daji da harbi ba iyaka sun kusa ƙarar da shi. A 1937 aka kafa dokar Pittman-Robertson, wadda ta sa harajin bindigogin farauta da harsashi, kashi 11 cikin 100, ya riƙa zuwa ga jihohi domin kula da namun daji. Da wannan kuɗi da na lasisi aka sayi filaye, aka riƙa kama talotalo da raga ana kai shi inda ya ɓace. Yau ana ƙiyasta yawansa da kimanin miliyan 6. Kuɗin jama'a ne ya farfaɗo da shi, har da na leburan da ba shi da ko taƙi ɗaya na gona. A dokarsu naman daji amana ne a hannun jiha, ko a gonarka yake sai ka bi ƙa'ida. Idan hanyar isa gare shi ta koma sai da haya, an karɓi kuɗin talaka an hana ɗansa shiga dajin ke nan.

Akwai hanyar tsakiya. Tun 1995 jihar Kansas take biyan manoma domin su buɗe gonakinsu ga duk mai lasisi, ya shiga da ƙafa. Mai gona ya samu, maharbi ma ya samu. Jihohi da dama kuma suna ware wa yara ranakun farko kafin manya, babba na raka su.

Da na gama, na tambayi ɗaliban wa ya taɓa ganin zabin daji kusa da garinsu cikin shekarun nan. Hannuwa kaɗan suka tashi. Ni a yarintata garke-garke muke tarar da su a bakin gona. Muna da dokar farauta ta 1998, amma yaron da ya taso yana jin cewa abin gwamnati ba shi da mai shi ba zai ga dalilin bin ta ba, kamar yadda ba zai ji zafin karya bencin ajinsu ba. Wannan gyara daga bakin malami da uba yake farawa. Idan yaro ya tambaye ku daji na wane ne, ku ce masa nasa ne da na ƙannensa, sannan ku faɗa masa abin da ya hau kansa a matsayin mai shi.