GILASHIN GABA YA FASHE, WA ZAI BIYA?

 Maganar da muke so mu tattauna a wannan fitowa ƙarama ce a ido, amma tana yawan haddasa rigima a kara da tasha, watau maganar gilashin gaban mota da kuɗin da kamfanin inshora yake cewa sai mai mota ya biya daga aljihunsa kafin shi ya sa hannu. A ƙasashenmu masu Faransanci ana kiran wannan kuɗi faranshiz, a Nijeriya kuma ana ce masa ekses. Mu dai a nan za mu kira shi kason mai mota.

Duk wanda ya taɓa ɗora shanu daga Maraɗi ya bi ta Ɗan Isa da Jibiya, ko daga Ƙonni ya shiga Illela, ko daga Damagaram ya nufi Maigatari, ya san halin hanya. Inda kwalta ta mutu sai burji da tsakuwa, kuma tayar motar da ke gabanka ba ta san girman kowa ba. Daga Maraɗi zuwa Ikko ya fi kilomita 1,000. Da wuya tirela ta yi shekara tana wannan zirga-zirga gilashinta bai samu tabo ba.

To, abu na farko da ya kamata kowa ya gane shi ne, takardar inshorar da jandarma ko ɗan sanda yake tambaya a hanya ba ta biyan gilashinka. Ita ta dole ce, aikinta biyan wanda motarka ta yi wa ɓarna. Dokar inshora ta CIMA, wadda aka sa wa hannu a Yawunde a 1992 ta fara aiki a 1995, kuma ta haɗa Nijar da Binin da Kamaru da Chadi da sauransu, wannan kaɗai ta wajabta. Katin ruwan ƙasa na CEDEAO da aka kafa a Kwatano a 1982, shi ma don haƙƙin wanda aka buge a ƙetaren iyaka aka yi shi. A Nijeriya, a Janairun 2023 aka kai kuɗin wannan inshora ta dole Naira 100,000 ga manyan motocin ɗaukar kaya, amma duk da tsadarta babu gilashi a ciki. Mai son a biya masa gilashi sai ya sayi ƙari na musamman, ko ya yanki babbar inshora mai ɗauke da ɓarnar motar kanta.

Wanda ya sayi ƙarin ma, sai ranar da abin ya faru yake jin labarin kason mai mota. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. A ce sabon gilashi jaka 150 ne na sefa, kason da aka rubuta a takarda kuma jaka 50. Kamfani zai ba da 100, kai ka cika 50. In kuwa tabo ne ɗan ƙarami da za a like a kan jaka 20, to ko dala ba za ka gani ba, don gyaran bai kai kason ba. Wasu kamfanonin kuma kashi cikin ɗari suke yankewa, su ƙara da cewa kada ya gaza kaza.

Ba mu ce kamfanoni ba su da hujja ba. Sun ce in babu kason, kowane ɗan ƙwarzane sai an kawo musu takarda, kuma mai mota zai daina kula. Mun ji, akwai gaskiya a ciki. Inda muka saɓa da su shi ne su ɗora kaso iri ɗaya a kan gyara da kuma canji. Gilashin gaba falle biyu ne da wata roba a tsakani, shi ya sa in dutse ya buge shi ba ya tarwatsewa. Muddin tabon bai wuce girman kwabo ba, ba ya bakin gilashi, kuma ba ya daidai idon direba, ana iya ɗura masa ruwan danƙo na musamman ya kama cikin ƙasa da awa guda. Amma in aka bar shi, sanyin asuba na hunturu, zafin rana da girgizar burji za su ja tsagar har ta ratsa gilashin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin da ya ƙi biyan jaka 20 yau, gobe shi zai biya 100, mai mota kuma ya yi asarar 50. Wa ya ci riba ke nan? A Faransa da Ingila kamfanoni da yawa sun gane haka, sukan yafe kason ko su rage shi sosai in gyara ne. Ba mu ga abin da zai hana a yi mana haka ba.

Wani zai ce, mu da ke da shanu ina ruwanmu da gilashin motar haya? Wallahi da ruwanmu. Direban da ke leƙen hanya ta cikin tsaga, fitilar motar da ke tahowa na watsuwa a idonsa, dole ya rage gudu ko ya kwana a hanya. Ga kuma ma'aikatan hanya da suka samu dalilin tsare mota. Kowace awa da shanu suka ƙara a tsaye cikin tirela babu ruwa babu ciyawa, nama ne ke zubewa, kuma in saniya ta kwanta aka tattake ta, inshorar mota ba ta san da ita ba. Wannan asara ta falke ce shi kaɗai.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ba mu yarda da ita ba, ta cire kason daga albashin direba ko yaron mota. Dutsen da tayar wani ta harbo ba gangancin direba ba ne. In aka riƙa cin sa tara, zai ɓoye tabon har ya zama tsaga.

Saboda haka ga shawararmu. Kafin ka biya kuɗin inshora, ka sa a karanta maka takardar, ka tambaya: akwai gilashi a ciki? Nawa ne kason? Ɗaya ne ga gyara da canji? Yana aiki in na ƙetare iyaka? Kada ka yarda da maganar baki ta ɗan kamasho, a nuna maka a rubuce. In abin ya faru, a ɗauki hoto, a sanar da kamfani da wuri, don a ƙarƙashin dokar CIMA wa'adin sanarwa yana iya zama kwana 5 na aiki kacal. Direba kuma ya manna salatif a kan tabon don kada ƙura ta shiga, kada ya watsa wa gilashi mai zafi ruwan sanyi. Falke da mai mota su daidaita a gaban shaidu kafin lodi cewa gilashi na wuyan mai mota.

Daga ƙarshe muna kira ga shugabannin ƙungiya su tattara motocin da ke yi mana lodi a kai a kai, su je wa kamfani da su a dunƙule. Mai mota ɗaya ba a sauraronsa, amma masu mota 30 in suka ce a yafe kason gyara ko su koma wani kamfani, za a ba su kujera. Muna roƙon kowane reshe ya kawo sunayen masu motocinsa a taro mai zuwa.

Allah ya kiyaye hanya, ya sa albarka a fatauci, ya kai mu gida lafiya. Wassalam.