Sikanin ba na "mace ce ko namiji" kaɗai ba ne

Yau ba maganar anko ko taro na zo da ita ba, don Allah a daure a karanta har ƙarshe.

Kwanakin baya wata yarinya a layinmu nan Tudun Wada ta haihu a gida, haihuwar fari. Jaririn ya zo da wani ƙullutu a gadon bayansa, yana tsattsafo da ruwa. Tsofaffi suka ce a rufe da tsumma, kar a bari kowa ya gani. Har wata ta fara raɗa wai ɗan ruwa ne. Sai kwana na uku aka kai shi asibiti, lokacin wurin ya riga ya ɗauki ƙwayar cuta. Bai kai suna ba. Allah Ya sa mai ceto ne.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, yarinyar nan ta yi sikanin. Sau ɗaya, tana wata takwas, kuma tambayarta ɗaya ce: mace ce ko namiji, don a san kalar kayan da za a saya. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, yawancinmu haka muke yi. Mai cikin fari ma kunya ke hana ta zuwa awo sai ciki ya fito ya gagari ɓoyo.

Likitoci suna kiran wannan lalura spina bifida, wato ƙashin bayan jariri bai gama rufewa ba. Ita da taruwar ruwa a kai, da fitowar hanji ta bangon ciki, da wasu ciwukan zuciya, ana iya hango su tun jariri na ciki. Lokacin da ya fi dacewa shi ne sati 18 zuwa 22, wajen wata biyar ke nan, sanda gaɓoɓi suka fito kuma akwai sararin duba su ɗaya bayan ɗaya. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kowace mai ciki ta samu sikanin kafin sati 24. Ba komai injin ke gani ba, amma abin da ya gani yana sauya shiri gaba ɗaya. Maimakon haihuwa a ɗaki, sai a tura mace asibitin koyarwa na ABU da ke Shika, ta haihu inda likitocin tiyata ke jiran jaririn.

Na san wasu za su ce wannan shiga hurumin Allah ne, ko hanyar zubar da ciki. Ni dai ban gan shi haka ba, neman magani ne da wuri. Kuma sikanin da sauti yake aiki, ba irin hoton ƙashi ba ne da ake hana mai ciki.

Sai ƙaramar ƙwayar nan ta folic acid da muke jefarwa ƙarƙashin katifa. Bayan jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Don haka amarya da mai shirin sake haihuwa su fara sha tun kafin cikin ya shiga.

Mu kuma da muke bin gida-gida lokacin zaɓe, muna da bakin magana. Jihar Kaduna na da mazaɓu 255. Idan kansila ko ɗan majalisa ya zo mana da atamfa da sabulu, mu karɓa mu gode, sannan mu tambaye shi: asibitin mazaɓarmu akwai injin sikanin? Akwai wanda aka horar ya duba kai da baya da zuciyar jariri? Akwai wutar sola? Nawa talaka za ta biya?

Shugabannin mata na mazaɓu, don Allah a sa maganar nan a zaman da ke tafe. Wadda ke da 'ya ko suruka mai ƙaramin ciki ta raka ta awo wannan satin, kuma in an hau gadon sikanin ta ce wa mai dubawa: "Malam, a duba min kansa da bayansa da zuciyarsa." A tura wa sauran groups.