Kwaɗon da ke kan ƙofar tsira

Makon jiya na kai takardu wani ofis a hawa na biyar na wani bene a Yamai. Kuran ya ɗauke, asansar ta tsaya, na bi matakala. A hawa na uku na ga ƙofar fita ta gaggawa an ɗaure ta da sarƙa da ƙaton kwaɗo. Na tambayi mai gadi, ya ce: "Ai saboda ɓarayi ne, makullin yana wurin patron." Patron kuwa ya yi tafiya. Jar tukunyar kashe gobarar da ke rataye a bango, kwanan watan da ke jikinta ya wuce da shekara uku.

Ƴan'uwa, mun fi tsoron ɓarawo a kan wuta. Mun liƙe tagogi da ƙarafa, mun mayar da matakala sito, ga wayoyin kuran a cakuɗe, kowane ɗaki da kilim. Ɓarawo kwamfuta zai ɗauka. Hayaƙi rai yake ɗauka, kuma shi ya fi harshen wuta kisa. A bene, matakala ce hanyarsa ta hawa sama. Idan ita kaɗai ce mafita, ina za ka bi?

A Landan, cikin watan Yuni na 2017, wuta ta tashi daga firij a hawa na huɗu na benen Grenfell mai hawa 24. Matakala guda ce. Mutum 72 suka rasu, a ƙasar da ke da kayan aikin da ba mu da su. Mu ma nan mun gani: ginin ma'aikatar shari'a ya ƙone a Janairun 2012. A 2021 mun binne yara aƙalla 20 a Yamai da aƙalla 25 a Maraɗi. Muka ɗora laifi a kan azuzuwan zana, kamar siminti ya isa kariya.

Tun taron Tarayyar Afirka na 2019 benaye ke ta tashi a Yamai, Maraɗi da Damagaram ma suna biye. Ba na adawa da gini. Tambayata ita ce: bayan ma'aikatar magajin gari ta ba da izinin gini, wa ke komawa ya duba ƙofofin? Ya kamata ƴan kashe gobara su riƙa zagaye kowace shekara, a liƙa takardar binciken a bakin ƙofa, benen da ya gaza a rufe shi ko na wane ne.

Mun yarda da ƙaddara, amma kwaɗon nan hannun mutum ne ya sa shi.

Gobe idan ka shiga ofis ko gidan haya, ƙirga mafita nawa ne. Taɓa ƙofar ka ga ko tana buɗewa. Karanta kwanan watan tukunyar. Ajiye lamba 18 a wayarka, kuma ranar gobara kada ka kusanci asansar. Idan ka tarar da kwaɗo, yi wa mai ginin magana a rubuce, ku sa hannu da yawa.

Ni na miƙa tawa wasiƙar. Ranar Litinin zan koma in ga ko sarƙar tana nan.