Keke da tanti a ƙasar da tumaki suka gāda

A can arewacin Sikotlan, wadda ake kira Ecosse da Faransanci, akwai wata hanya da ta tashi daga garin Lairg ta miƙa har bakin teku. Kwalta ce siririya, faɗin mota guda. In motoci biyu suka yi kiciɓis, sai ɗaya ta raɓe a wurin da aka tanada don haka. Daga Mayu zuwa Satumba masu keke ke bin ta, kowa da jakunkuna gaba da baya: tanti, abin rufa, ɗan murhun gaz da guzurin kwana biyu ko uku. Guzurin nan dole ne, domin daga Lairg zuwa ƙauyen Altnaharra ya haura kilomita 30, kuma ban da wani masauki tilo da ake kira Crask, babu inda matafiyi zai sayi ko burodi.

A watan Yuni rana takan yi awa 18 ba ta faɗi ba, mai keke ya yi ta tafiya har ƙafa ta gaji. Sai dai akwai ruwa da iska, akwai kuma wani ɗan ƙwaro mai cizo wanda bai kai rabin sauro ba, amma dubbai suke zuwa da zarar iska ta kwanta. Shi ya sa gwanaye ke kafa tanti a kan tudu, su bar bakin tabki duk da kyansa.

Abin mamaki ga baƙo shi ne, ba ya neman izinin kowa kafin ya kwana. Dokar gyaran mallakar ƙasa ta 2003, wadda ta soma aiki a 2005, ta ba mai tafiya da ƙafa, ko keke, ko doki, ikon ratsa kusan kowane fili, ya kuma kwana a cikinsa, ko da na wani ne. Sharuɗɗan ba su da yawa: kada a yi taro, kada a wuce kwana biyu ko uku wuri guda, a nisanci gidajen mutane da gonar da ke da shuka, a kwashe shara. Mai mota ba ya cikin wannan gata. A mafi yawan Ingila, maƙwabciyarta, sai mai ƙasa ya yarda.

To, amma ina mutanen wannan ƙasa suka tafi, har ta zama wayam haka? Wanda ya karya dama bayan Altnaharra ya bi kwarin Strathnaver zai sami amsa a gefen hanya. Kwarin nan a dā cike yake da ƙauyuka masu noma da kiwon shanu. A 1814, da kuma 1819, wakilan matar da ta mallaki yankin Sutherland suka tashi mazaunansa, aka cinna wa rufin gidaje wuta, domin an lissafa an ga tumaki sun fi talakawa kawo riba. Aka tura mutane bakin teku su koyi su, wasu suka haye zuwa Kanada. An gurfanar da wakili ɗaya, Patrick Sellar, gaban shari'a a Inverness a 1816, aka sallame shi, ya ci gaba da kiwon tumakinsa a kwarin. Kufan ƙauyen Rosal na nan har yau, tarin duwatsu cikin ciyawa. Shirun da mai keke ke biyan kuɗin jirgi don ya zo ya sha, korar talakawa ce ta haife shi.

Dokar 2003 ba ta mayar da ƙasa ga jikokin waɗanda aka kora ba. Wanda ya fi kowa fili a Sikotlan yanzu wani attajirin tufafi ne ɗan Danmak, Anders Holch Povlsen, mai sama da hekta 80,000, da yawa daga ciki a Sutherland ɗin nan. Abin da dokar ta yi shi ne raba mallaka da wucewa: ƙasa ta mai ita ce, hanya ta kowa. Mutanen Maraɗi da Damagaram da Tawa sun san nauyin wannan magana, tun da rigimar burtali tsakanin manoma da makiyaya a kanta take, kuma dokar kiwo ta 2010 a Nijar ta amince cewa yawon makiyayi haƙƙinsa ne. A can ma abin bai tafi sumul ba: a bakin tabkin Lomond shara da wutar ƴan shaƙatawa sun yi yawa, har daga 2017 aka ce sai da takardar izini ake kwana a wasu wurare tsakanin Maris da Satumba.

Tumakin kuwa suna nan. Kowane watan Agusta ana cin kasuwar ƴan tumaki a Lairg, a sayar da dubbai a yini guda, manyan motoci su kwashe su zuwa kudu. Mai keken da ya faɗo ranar, sai ya raɓe ya ba su hanya.