Sumayyar Littafi Ta Fi Sumayyar Fim



Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu na nan kudu, har da wasu iyayen. Da ka ambaci wani littafin soyayya sai a ce maka, "Ai na kalli fim ɗinsa." Wai shi ke nan an gama magana. To mu dai ba mu yarda ba, kuma yau za mu faɗi dalilinmu, wanda zai ji haushi ya yi haƙuri.

Mu ɗauki In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda ya fito a farkon shekarun 1990, tunda shi ne kusan kowa ya ji sunansa. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad ɗan talakawa, ga Abdulƙadir mai kuɗi ya biyo ta hannun kakarta, aka matsa wa yarinya har ta faɗa rijiya. 'Yan shekaru bayan fitowar littafin aka mayar da shi fim, kuma marubucin da kansa ne ya fito a Muhammad. Ka ga babu damar a ce wani bare ne ya ɓata masa labari. Mai kaya ne ya ɗauki kayansa. Duk da haka, mu da muka riga muka karanta, abin da muka gani a talabijin bai kai rabin abin da muka baro a takarda ba.

Laifin ba na 'yan wasa ba ne. Matsalar ita ce soyayyar Bahaushiya a ciki take zaune. Yarinyar da aka yi wa tarbiyya ba ta buɗe baki a gaban mahaifinta ta ce ga wanda take so. Kakarta na faɗa, ita tana sunkuye da kai tana wasa da bakin mayafi. Abin da na'urar ɗaukar hoto za ta iya gani ke nan: kai a sunkuye da mayafi. Shi kuwa marubuci yana shiga har cikin ƙirjinta, ya gaya maka abin da take rayawa a wannan shirun, tsoron fushin iyaye, da begen wanda take so, da daren da ta kwana ba ta runtsa ba. Ana cewa labarin zuciya a tambayi fuska, to ina fuskar, bayan kunya ta rufe ta? Shi ya sa idan ka iso wurin rijiya a littafi, ka riga ka yi tafiya mai nisa tare da Sumayya, ka san abin da ya kai ta, gabanka na faɗuwa tun kafin ta isa. A fim kuwa abu ne na ɗan lokaci, an nuna an wuce.

Su ma masu shirya fim sun san da wannan giɓin. Ba za a nuna saurayi ya riƙe hannun budurwa ba, al'ada ba ta yarda ba, Hukumar Tace Fina-finai ta Kano ma ba ta yarda ba, kuma daidai ne. To da me za a nuna so? Sai finafinan da suka biyo baya suka ari hanyar Indiyawa: a kai su lambu, a sauya kaya sau uku, a yi ta juyi ana waƙa. Don Allah wa ya taɓa zuwa zance ya tarar da haka? Zancen da muka sani a zaure ake yinsa ko a ƙofar gida, ƙanwa na zaune a gefe, sauran maganar kuma a wasiƙa. Daɗin wasiƙa kuwa sai a karanta ta, a koma a sake karantawa.

Sannan ga satar fuska. Kowane mai karatu da irin tasa Sumayyar a ka. Da ka ga 'yar wasa sau ɗaya, taka ta tafi ke nan, ba ta dawowa.

Yanzu ga inda abin ya fi ci mana tuwo a ƙwarya. Shekara da shekaru ana zagin waɗannan littattafai cewa suna lalata 'yan mata, har ta kai a 2007 an ƙona wasu a Kano ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. Akwai na banza a cikinsu, ba mu musa ba. Amma uban da ya yaga littafi a hannun 'yarsa shi ne yau ya saya mata waya da data, tana kwana a YouTube bai san me take kallo ba. A Kano wannan asara ce ƙarama, domin yaro zai ci karo da rubutun Hausa ko'ina ya juya. Mu fa? Yaron da aka haifa a Agege ko Sabo Ibadan ko Fatakwal, Turanci yake yi a makaranta, Yarbanci ko buroka a titi. Hausar gida ce kawai a bakinsa, ita ma ta cefane da aike. Miƙa masa shafi ɗaya ya karanta ka ji yadda zai yi ta tuntuɓe da ƙ da ɗ da ɓ. Mata da yawa a arewa da irin waɗannan littattafan karatunsu na boko ya zauna, na Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Funtuwa da sauransu, domin son jin ƙarshen labari yana sa mutum haɗa baƙi ko ba malami a kansa. Fim ba ya neman komai a wurin yaro sai ido.

Za a ce iyayenmu mata da ba su yi boko ba fa? Gaskiya ne, fim ya yi musu rana. Amma gidajen rediyon arewa sun daɗe suna karanta littattafai a iska, mata na saurare suna aikinsu. Mu ma jika za ta iya zama ta karanta wa kakarta babi ɗaya bayan isha'i, tsohuwa ta ji labari, ta kuma gyara mata inda ta karya harshe.

Roƙonmu ga masu zuwa gida da sallah da direbobinmu masu hanyar Kano: a riƙa sako mana littattafai ko biyu ko uku cikin tsaraba. Wadda kuma take da tsofaffi a ƙasan akwati, ko bangon ya cire, ta aiko da su ofishin ƙungiya. Za mu rubuta sunanta a ciki, a riƙa bayarwa aro na mako biyu.