Maɓallan da ke ƙasan tarin gwanjo

Sanyi ya fara leƙowa, na san da yawanmu za mu shiga gwanjo neman suwaita da hular yara, ko a Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko wajen mai baza kaya a bakin titin unguwarku. To, wannan karon idan kin gama zaɓen na yara, ki ɗan tsaya a kan tarin nan da aka ture gefe: kwat ɗin da asu ya ci, rigar da hammatarta ta yage. Yadin ya mutu, amma duba maɓallan.

Kafin roba ta mamaye kasuwa bayan yaƙin duniya na biyu, da ƙaho ake yin maɓalli, da ƙashi, da gilashi, da tagulla, da katako, da ɓawon wata halittar ruwa dangin dodon koɗi mai sheƙi. Har da ƙwallon goruba, wannan dai da yaranmu ke gwaigwaya su yar. Cikinsa idan ya bushe fari ne, ga tauri kamar hauren giwa. A farkon ƙarni na 20 daga Sudan da Eritiriya ake lodinsa zuwa Turai, musamman Italiya, a yanka shi maɓallai. Mu ma nan kakanninmu anini suke ce wa maɓalli, sunan tsohon kuɗin nan mai huda a tsakiya, wanda goma suke kobo ɗaya.

Kada in sa miki dogon buri. Yawancin abin da ke cikin dila kayan kwanan nan ne, maɓallansu roba zalla. Masu kyan sun fi maƙalewa a manyan kwat na ulu na maza, da tsofaffin rigunan sanyi na mata. Sai an yi haƙuri, kuma sai an iya ganewa.

Ɗora shi a kumatunki. Gilashi da na ɓawo za ki ji sanyinsu, roba kuwa ba ta da wannan sanyin. Juya bayansa: na ɓawo ba ya yin sumul, yakan zo da dabbare-dabbare, kuma da wuya ki ga biyu iri ɗaya sak. Na ƙashi yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe. Na ƙaho idan kika ɗaga shi a rana za ki ga haske na ratsa gefensa, da zane-zane kamar na farce. Na roba sau da yawa akwai siririn layi a gefensa, inda aka zuba shi a ma'auni.

Ki yi cinikin rigar gaba ɗaya, a matsayinta na yagaggiya. Kada ki tsinke maɓalli a ɓoye ki bar wa mutum rigarsa, haƙƙi ne. Ba dole kuma sai kin faɗa masa abin da ya ja hankalinki ba, don kuɗin zai tashi nan take.

A gida ki sa reza ki yanke zaren a hankali. Tsumma mai ɗan laima ya isa goge su. Na katako da na ƙaho ba sa son jiƙo, tsagewa suke yi. Masu kama ɗaya ki zura su a zare guda don kada su watse, na ƙarfe kuma ki ware su daban saboda tsatsa. Guda huɗu ko biyar na ƙaho a wuyan kaftanin yaro na sallah sun fi waɗannan masu ruwan gwal da tela ke sakawa, waɗanda wanki biyu ke kankarewa. Babba guda ɗaya tilo ma ya ishi bakin jaka ko bayan wuyan rigar 'yarki.

Saura wurin ajiya, kuma nan ne ba wasa. Maɓalli mai sheƙi alewa ce a idon mai rarrafe, yana iya shaƙe shi, ko ya tura a hanci ko kunne. Idan hakan ta faru kada ki sa tsinke ko ashana, ƙara tura shi ciki za ki yi. Asibiti za ki nufa. Gwangwanin ya zama mai murfin da ke ɗaurewa tam, kuma mazauninsa saman sif, ba ƙarƙashin gado ba. Na jikin rigar jariri ma ki riƙa ɗan jansu kafin ki sa masa, wanda ya yi lako-lako ki ƙara masa zare.